Masallacin da Babu Shi a Doron Ƙasa: Zana Shi da Kuma Sayar da Shi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya ƙawata sama da taurari, Ya shimfiɗa ƙasa, Ya hore wa ɗan Adam hannu da ido da basira. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Akwai wata tambaya da take yawan fitowa daga bakin yaranmu masu baiwar zane, musamman waɗanda suka karanta fannin a jami'a ko kwalejin ilimi suka fito babu aikin ofis. Matashi ne ya shimfiɗa yadi a kan katako, ya ɗauki fentin mai, ya yi makonni yana zana wani masallaci mai ƙubbobi da hasumiyoyi da tafkin alwala a tsakar fili. Masallacin nan babu shi a Makka, babu shi a Masar, babu shi a Turkiyya, daga ƙwaƙwalwarsa ya fito. Da ya gama sai wani mai hali ya gani ya taya. To a nan ne waswasi yake shigowa: wannan kuɗi halal ne? Ashe ba an ce masu zane suna cikin mafiya tsananin azaba ba? Kuma zana abin da babu shi, ba ƙarya ba ce?

Ra'ayina shi ne sana'ar halal ce, kuma sana'a ce mai kyau da ya kamata mu ƙarfafa wa yaranmu gwiwa a kanta. Sai dai wurin da matasa suke tsoro ba a nan haɗarin yake ba, wurin da haɗarin yake kuma ba kasafai suke waiwayarsa ba.

Mu fara da hukuncin, domin ba ya buƙatar dogon zance. Imamul Bukhari ya kawo a cikin littafin ciniki na Sahihinsa cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas (Allah Ya yarda da su) ya gaya masa cewa da aikin hannunsa yake ci, kuma aikin nasa shi ne yin hotuna. Ibnu Abbas bai sassauta masa ba, ya sanar da shi narkon da ya ji daga Manzon Allah (SAW) game da wanda ya suranta abu mai rai. Mutumin ya firgita har fuskarsa ta sauya. Da Ibnu Abbas ya ga haka sai ya buɗe masa ƙofa, ya nuna masa cewa in dai ba makawa sai ya yi sana'ar, to ga itatuwa nan da duk wani abu marar rai. Ka lura da abu biyu, ya ɗan'uwa. Na farko, mutumin nan maganar abinci ya zo da ita, kuma amsar da aka ba shi amsa ce ta mai neman abinci. Na biyu, Bukhari da kansa a ƙarƙashin babin sayar da hotunan da ba su da rai ya ajiye hadisin. Ke nan zanawar da sayarwar duk an taɓo su tun a wancan zamani. Gini kuwa ƙasa ce da dutse da itace. Malamai sun ambaci cewa Mujahid ya ƙyamaci zana itace mai 'ya'ya, amma ba su bi shi a kan haka ba, kuma ko a maganarsa ɗin bango da ginshiƙi ba su shiga ba. Saɓanin da ke tsakanin malamai game da zanen mutum ko dabba a kan takarda, wanda malamanmu na Malikiyya suka bambanta shi da gunki mai inuwa, magana ce ta wata rana. Mai zana gini shi kaɗai ya kuɓuta daga wannan saɓani gaba ɗaya.

Saura batun cewa ginin ƙagagge ne. Ƙarya ita ce ba da labarin da ya saɓa wa gaskiya. Wanda ya zana abin da ya sawwara a zuciyarsa, ya kuma ce daga zuciyarsa ne, bai ba da labarin komai ba sai gaskiya. Kowane masallaci da ka taɓa yin salla a cikinsa ya fara zama a kan wani magini kafin ya zauna a ƙasa. Amma hujjar da ta fi burge ni a wannan babi tana birnin Dimashƙa.

Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya gina babban masallacin Dimashƙa tsakanin shekarar 706 da 715 Miladiyya, lokacin da sauran ƙananan sahabbai ke raye kuma manyan tabi'ai suka cika garuruwa. An lulluɓe bangayen masallacin da ado na 'yan gutsattsarin gilashi masu launi da ruwan zinari, waɗanda ake liƙawa ɗaya bayan ɗaya har su ba da hoto. Gobarar shekarar 1893 da wasu masifu kafin ta sun cinye mafi yawansa, amma a ƙarshen shekarun 1920 aka kankare shafen da ya rufe bangon yamma na farfajiyar, sai ga wani hoto mai tsawon fiye da mita 30 ya bayyana. Kogi ne yana gudana, ga dogayen itatuwa a gefensa, ga fadoji da rumfuna da gidaje a kan tudu, wasu a kan wasu. Babu mutum ko ɗaya, babu tsuntsu, babu dabba. Mutane suna kiransa da sunan kogin Barada da ya ratsa birnin, amma gine-ginen da ke cikinsa ba hoton wata unguwa ba ne da za ka je ka nuna. Har yau masana suna muhawara: wasu sun ce kwatancin garuruwan da daular ta mallaka ne, wasu sun ce ishara ce ga ni'imar Aljanna, wasu sun ce dausayin Dimashƙa ne aka ƙawata. Ko ma mene ne, ga ƙagaggun gine-gine nan a jikin ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan Musulunci, shekara fiye da 1,300. Masu tarihi sun ruwaito cewa Umar ɗan Abdul'aziz ya yi niyyar cire adon masallacin saboda ganin dukiyar da aka narkar a kansa, daga baya ya fasa. Abin da ya dame shi almubazzaranci ne da dukiyar baitulmali, ba a ruwaito cewa ya ɗauki hoton gida da itace a matsayin gunki ba.

Ba a Dimashƙa abin ya tsaya ba. A zamanin Sarki Sulaimanu na Daular Usmaniyya, wani gwani mai suna Nasuh Matrakci ya bi rundunar da ta tafi Iraƙi a tsakiyar shekarun 1530, ya zana garuruwan da aka yada zango a cikinsu, da ganuwarsu da masallatansu da gadojinsu, ba tare da ya sanya mutane ba. Mu ma nan gida ba baƙi ba ne ga wannan. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon kwafin Dala'ilul Khairati na hannu ya san akwai shafin da ake zayyana Raudar Manzon Allah (SAW), kuma da yawa daga cikin marubutan da suka zayyana ta ba su taɓa taka Madina ba. Dardumar da ke ɗakinka ma, duba ta da kyau.

Wani zai ce ai fentin mai na Turawa ne, da shi suka zana hotunan cocinsu. Gaskiya ne cewa a Turai aka gwanance da shi tun ƙarni na 15, amma binciken da aka bayyana a 2008 ya nuna an yi amfani da launi mai haɗin mai a kogunan Bamiyan na Afganistan tun wajen ƙarni na 7. Garin launi ne da aka kwaɓa da man irin kittani, wato tsiron da ake samun zaren lilin daga gare shi. Kayan aiki ba shi da addini, in ba haka ba da mun jefar da biro da lasifikar masallaci. Abin da ya fi cancantar tambaya a nan, kuma kusan babu mai yin ta, shi ne buroshin. Buroshi mai tauri da aka saba yin zanen mai da shi, da gashin alade ake yin sa. A mazhabar Malikiyya gashin da aka aske mai tsarki ne ko da na alade ne, haka yake a Mukhtasar na Shaihu Khalil. Shafi'iyya kuwa suna ganin najasarsa. Tunda yanzu akwai buroshi na zaren roba mai kyau a kasuwa, wanda ya saye shi ya huta da saɓani, musamman idan zai rubuta sunan Allah a jikin zanen.

Yanzu mu zo bakin ciniki, domin a nan ne ake zamewa.

Zane ba ya magana, mai sayarwa ne yake magana a madadinsa. Masallacin da ka ƙago halal ne muddin yana amsa sunan ƙagagge. Ranar da mai saye ya tambaye ka, wannan wane masallaci ne, kai kuma ka ga alamar zai ƙara kuɗi idan ya ji sunan wuri mai daraja, sai ka ce ai wani tsohon masallaci ne a Andalus ko a Bagadaza, to ka fita daga sana'a ka shiga algus. Mun san ƙissar da Imamu Muslim ya ruwaito ta mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, da yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa ya gano, ya kuma nesanta mai ha'inci daga tafarkinsa. Shiru ma yana iya zama algus. Idan ka ji mai saye yana gaya wa abokinsa cewa wannan Masallacin Ƙudus ne, kai kuma ka kawar da kai don kada ciniki ya lalace, ka ci kuɗin zaton da ka san ba daidai ba ne. Maganin wannan mai sauƙi ne ƙwarai: ka rubuta a bayan yadin, tare da sunanka da shekara, cewa wannan gini daga tunanin mai zane ya fito. Zane yana daɗewa fiye da mai shi, yana shiga gado, yana sauya hannu, kuma wanda zai same shi bayan shekara 40 ba zai same ka ya tambaye ka ba.

Wannan magana ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan, tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka bazu daga 2022. Kowa a cikinmu ya taɓa cin karo da hoton wani masallaci na lu'ulu'u a kan gajimare ko a tsakiyar teku a Facebook ko WhatsApp, an rubuta masa sunan wata ƙasa, ana neman a ce Masha Allah a kuma tura wa mutum goma. Dubban bayin Allah suna yin tasbihi a kan ginin da kwamfuta ta haɗa cikin daƙiƙa kaɗan. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma wanda ya ɗora hoton ya yi musu ƙarya da sunan addini, kuma duk ranar da yaro mai wayo ya gano cewa wannan ƙarya ce, sai ya fara tuhumar sauran abin da ake turo masa, har da na gaskiya. Mai zanen hannu yana da wani abu da wannan tarkace ba shi da shi, wato amana. Kada ya sayar da ita da arha. Wanda ya sa manhaja ta haɗa masa hoto, ya kai aka buga masa a kan yadi, ya ɗan shafa fenti a sama don a ji kaushi, sannan ya sayar a matsayin aikin hannu na wata uku, shi da mai jiƙaƙƙen hatsi ɗaya suke. Idan ya faɗi yadda aka yi shi, ya sa masa kuɗin da ya dace da bugun inji, babu laifi a kansa.

Haka nan kwaikwayon aikin wani. A ƙauyen Dafen da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin akwai dubban masu zane da sana'arsu ita ce kwafar shahararrun zane-zane da fentin mai, kuma a fili suke sayar da su a matsayin kwafi. Wannan daban yake da ɗaukar ƙagaggen masallacin wani matashi ɗan'uwanka da ka gani a Instagram, ka zana shi, ka sa hannunka. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a take karewa, ba ya halatta a keta su. Tsarin ƙubba da baka da hasumiya na kowa ne, amma yadda wane ya jera su ya ba su haske, guminsa ne.

Akwai kuma aikin da ake bayarwa a yi. Alhaji ya ce a zana masa masallaci don falonsa, ya ba da kafin alƙalami, aka rabu a kan "ka dai yi mini mai kyau". Wannan cinikin biri a sama ne, kuma ƙarshensa rigima. Ita wannan majalisa, a zamanta na Jidda a 1992, ta amince da ƙulla ciniki a kan abin da za a ƙera, da sharaɗin a bayyana nau'insa da girmansa da siffofinsa, a kuma yanke wa'adi. Tunda ginin babu shi a duniya balle mai saye ya je ya gani, sai mai zane ya fara yin ɗan ƙaramin samfuri a takarda, a amince da shi, a faɗi tsawo da faɗi, a faɗi ko da firam ko babu. Wa'adin kuma a yanke shi da sanin halin fentin mai. Ba ya bushewa kamar fentin ruwa, iska ce take sandarar da man a hankali. Samansa yana iya yin kwanaki ko mako biyu kafin ya daina kama hannu, cikinsa kuwa sai ya ɗauki watanni, shi ya sa masana sana'ar suke jira wata 6 zuwa shekara kafin su shafa man ƙarshe mai kare zane. Wanda ya yi gaggawa ya ɗora siririn shafi a kan mai kauri da bai sandare ba, zanen zai tsattsage bayan an kai shi gida. Aibi ne da mai saye ba zai gani ba ranar ciniki, mai zane kuwa ya sani. Sanar da shi wajibi ne.

Game da farashi ba ni da abin cewa mai yawa. Shari'a ba ta yanke wa riba iyaka ba, kuma masu cewa "yadi da fenti nawa suke" sun manta da shekarun da aka yi ana koyo. Abin da aka hana shi ne a sa aboki ya riƙa tayawa na ƙarya don farashi ya hau, ko a cuci wanda ya miƙa wuya ya ce bai san kasuwa ba. Abu ɗaya kawai zan ƙara: kada a sayar da albarka. Zanen masallaci ba ya korar aljani, ba ya jawo arziki, ba ya tsare gida. Mai zanen da ya bar mai saye da wannan zato don ciniki ya faɗa, ya taɓa abin da ya fi kuɗi tsada. Haka kuma ban ga dacewar a ce wa zane "hoton Aljanna" ba, tunda an sanar da mu cewa ni'imarta ta wuce abin da ido ya taɓa gani ko zuciya ta taɓa rayawa. Ka'aba da Masallacin Annabi (SAW) da Masallacin Ƙudus kuma, ina ganin a bar su yadda suke, kada a yi musu ƙari daga tunani, domin yara da yawa daga hoto suke fara sanin su. Dubi yadda hotuna suka sa mutane da dama suke zaton ƙubbar zinarin nan ita kaɗai ce Al-Aƙsa, alhali sunan ya game harabar ne baki ɗaya. Wanda kuma zai rubuta aya a jikin ginin da ya zana, ya kai wa mahaddaci ya duba masa kafin fenti ya bushe, ya kuma san irin ɗakin da za a rataye shi.

To, duk wannan fiƙihu ne. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya wani abu ne dabam, kuma ba haramci ba ne, talauci ne na tunani.

A ƙarni na 19 masu zane na Turai sun cika kasuwanninsu da hotunan "Gabas" da suka haɗa daga nan da can. Wani Bafaranshe mai suna Jerom ya yi wani shahararren zane wajen 1879 na wani yaro mai wasa da maciji a gaban wasu mutane da suka jingina da bango. Masana sun gano cewa shuɗin tayil na bangon daga fadar Topkapi ta Istanbul ya kwafo shi, daɓen kuma daga masallacin Amru ɗan Asi na Masar. Wurin babu shi, amma ya zana shi da ƙwarewar da ta sa mai kallo ya rantse hoton gaskiya ne, kuma Turawa da yawa sun ɗauka haka rayuwar Musulmi take. Wannan zane ne aka sa a bangon littafin Edward Sa'id na 1978 da ya yi suka ga yadda Turai take kallon Gabas. Ƙagaggen gini, ashe, yana iya koya wa al'umma guda yadda za ta kalli wata al'umma.

Yanzu ka dubi abin da yaranmu suke zanawa idan aka ce su ƙago ginin Musulunci. Ƙubba mai siffar albasa daga Indiya, siraran hasumiyoyi daga Turkiyya, farin marmara daga Abu Dabi, jinjirin wata a sama, rana tana faɗuwa a baya. Goma za su zana, goman kamar uwa ɗaya ta haife su. An ba mutum 'yancin ya ƙago duk abin da ya ga dama, sai ya ƙago abin da ke jikin kalanda. Wa ya ce mana wannan ne kaɗai siffar Musulunci? Masallacin da Manzon Allah (SAW) ya gina da hannunsa mai albarka na tubalin ƙasa ne, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino, idan aka yi ruwa yana yoyo. Ba shi da ƙubba, ba shi da hasumiya. Masu tarihi da dama sun ce mihrabi mai lanƙwasa ya fara shiga cikinsa ne a ginin zamanin Walidu, lokacin da Umar ɗan Abdul'aziz yake gwamnan Madina. Ƙubba ta farko a kan ɗakin da kabarinsa mai daraja yake, Sarki Ƙalawun na Masar ne ya sa aka yi ta a 1279, kore kuma sai a 1837 aka shafa wa wadda take nan yanzu. Musulunci ya shiga ƙasar Sin aka yi masa masallaci da rufin Sinawa a birnin Shiyan, ya shiga Andalus aka yi masa dajin ginshiƙai da bakuna masu ja da fari a Ƙurɗuba tun wajen 785. Ko'ina ya je da ƙasar wurin aka gina masa ɗaki.

Mu ma an gina masa da tamu. A Zariya, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tayar da masallacin Juma'a da tubali da azara, da bakuna masu haɗuwa a sama irin na ɗaurin guga, da zane mai tudu a jikin ginshiƙai, aikin da har yau ɗaliban fasahar gini na duniya suke karantawa. A shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na siminti. A Agadas hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 tana nan tsaye da itatuwanta a jiki, kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ga Gobarau a Katsina, ga babban masallacin Jenne na Mali da aka sake ginawa a 1907, wanda mutanen gari suke haɗuwa su yaɓe shi kowace shekara. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na ƙauyen Yama a jihar Tawa ta Nijar. Wani magini na ƙauyen, Falke Barmu, ya fara shi a 1962, ya yi ta ƙara masa a hankali har ya yi masa hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta dabam, kuma a 1986 aikin ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine. Mutumin ƙauye ya ƙago masallacin da ba a taɓa gani ba da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, yayin da ɗanmu mai digiri yake jiran intanet ta gaya masa yadda masallaci yake.

Ba cewa nake yi a daina zana ƙubbar Istanbul ba, gadonmu ce ita ma, Musulmi duk ɗaya ne. Cewa nake yi, wa zai zana mana masallacin da Babban Gwani zai gina da a ce an ba shi fili a Abuja yau? Wa zai zana jami'a mai zankwaye da soraye hawa biyar, da hasken hantsi yana ratsa ƙurar hunturu yana sauka a kan jan bango mai makuba? Fentin mai ya fi kowane irin launi iya kama wannan ja da wannan ƙura. Kuma ko ta fuskar kasuwa aka duba, mai zana marmara da ƙubbar albasa yana gasa ne da dubban masu zane daga Karaci zuwa Alƙahira, da injinan bugawa, da manhajoji. Mai zana ɗaurin guga abokan gasarsa kaɗan ne. Bayan haka, attajirin da ya rataye irin wannan zane a falonsa yana kallonsa kullum, wata rana shi ne shugaban kwamitin ginin masallacin unguwa, kuma shi ne zai yanke ko a gyara tsohon ginin ƙasa ko a kawo katafila.

Akwai suka ɗaya da nake girmamawa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Masu ita suna cewa irin waɗannan zane-zane suna koya wa zuciya son ƙyale-ƙyalen masallaci, alhali Sayyidina Umar (Allah Ya yarda da shi) da ya ba da umarnin gina masallaci ya gargaɗi magini da ya kare mutane daga ruwan sama kawai, ya guji ja da rawaya don kada ya shagaltar da masu salla. An kuma ruwaito cewa alfahari da masallatai yana cikin alamomin ƙarshen zamani. Wannan gaskiya ne, kuma saboda shi ne nake ganin bai kamata a rataye zanen a bangon alƙibla ba, ko a masallaci ko a ɗakin da ake salla, tunda Manzon Allah (SAW) da kansa ya mayar wa Abu Jahmin wata riga mai zane-zane saboda ta ɗauke masa hankali a salla. Amma gargaɗin ya shafi wurin ibada ne da dukiyar da ake zubawa a cikinsa don gasa. Bai hana mutum ya ji daɗin kyakkyawan abu a ɗakin baƙinsa ba.

Sai dai sukar ta tuna mini da wani abu da ke damuna a kusan duk waɗannan zane-zane. Tunda mai zane yana gudun sanya mutane, masallacin nasa kullum fayau yake, ƙal-ƙal, kamar ba a taɓa kiran salla a cikinsa ba. Alƙur'ani a Suratut Tauba ya danganta raya masallatai ne ga masu imani da tsai da salla da ba da zakka, kuma masallaci marar mutane, komai kyansa, kufai ne mai fenti. Mai basira yana iya cika masallaci da jama'a ba tare da ya zana fuska ko ɗaya ba. Ya jera takalma a bakin ƙofa, manya da ƙanana, silifa da sau-ciki, har da wani ƙarami da aka cire a gaggauce ya kife. Ya ajiye butoci a gefen rijiya da danshin alwala bai bushe ba a ƙasa. Ya jingina alluna a jikin bango da tawadarsu, ya shimfiɗa tabarmi har waje saboda ciki ya cika, ya bar keke ɗaya da sandar wani tsoho a gindin darbejiya. Duk wanda ya kalli wannan zane ya san an ta da iƙama, liman ya yi kabbara, mutane suna ciki.

Wallahu a'alam.